Matar da Take Kwashe Direbobi Zuwa Tsibiri

Bo Nalishebo ta haura shekara sittin. Rumfarta ta soyayyen kifi tana jingine da tawa ta faci, a bakin titin da ya ratsa fadamarmu daga Mongu. Ta ce a cikin kwalekwale aka haife ta, uwarta na hanyar zuwa wurin ungozoma. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, in ruwa ya cika ba ka ganin komai sai ciyawa da ruwa, amma ita ta san kowane lungu a ciki.

Sana'arta ta biyu ta samo asali ne daga wani direban tirela mai tumbi, Hachintu, ɗan ƙabilar Tonga. Mu Lozi da su abokan wasa ne, ba ma raga wa juna. Motarsa ta lalace a gabanmu, aka ce sai bayan kwana uku kayan gyara za su iso daga Lusaka. Ya wuni yana mita, wai garin nan ko tudun da ido zai huta a kai babu.

Bo Nalishebo ta juya kifinta ta ce, "Kai da ka shekara ashirin kana kallon kwalta, me ka sani? Tashi, bawan gidanmu, ɗauko tamfol ɗinka."

Na rufe rumfa na bi su da tukunya. Yana shiga kwalekwalenta saura kaɗan ya nutse, ya zauna daɓas ya riƙe gefe da gefe, yana tambayar ina birki yake. Ita kuwa tana tsaye a baya da dogon gora, tana tura mu cikin bado tana waƙa. Can sai wani baƙin kai ya taso daga ruwa yana huci. Hachintu ya kwanta rubda-ciki, yana cewa dorina ce, a gaya wa matarsa ya yafe mata. Ashe saniya ce take iyo zuwa kiwo.

"Ɗan Tonga bai gane saniya ba," in ji Bo Nalishebo. Dariya ta hana ta tuƙi, muka yi ta juyawa wuri ɗaya, har shi ma ya ɗago yana ƙyaƙyatawa, tumbinsa na girgiza kwalekwalen.

Da la'asar muka sauka wani ɗan tsibiri inda mahaifinta ya taɓa kafa bukkar kamun kifi. Muka ɗaura tamfol a jikin bishiya, ta tuƙa tuwon masara, ta gasa karfasa. Mutumin nan ya ci ya kwanta, bai motsa ba sai da rana ta take. Da ya farka ya shiga ruwa da wandonsa yana facal-facal, ya rantse rabonsa da barcin da babu ƙarar inji tun yana saurayi. Ranar da kayan gyara suka iso, da ƙyar muka fitar da shi.

Bakin direba kuwa ya fi rediyo. Kafin ruwa ya janye, masu zuwa Kalabo da masu fitowa daga Namibiya sun fara tsayawa suna tambayar tsohuwar nan mai tsibiri. Yanzu kwalekwalenta uku ne, ƙannenta mata biyu ke tuƙa sauran. Dokokinta biyu ne: makullin mota a bar shi a rumfata, kuma duk wanda ya yi zancen taya a tsibiri shi zai wanke tukunya. Ni mai faci ne, don haka na wanke ta ba adadi.

Bara direbobin suka haɗu suka ce sai sun kai ta Lusaka ta ga birni. Ta ci ado, ta hau gaban mota, muka raka ta da guɗa. Ba ta wuce garin Kaoma ba, ko rabin hanya ba a yi ba, ta ce a sauke ta, wai ƙasar can duk a ƙulle take da tuddai da bishiyoyi, ba a ganin inda rana take faɗuwa. Ta dawo a motar gawayi da yamma, baƙi ƙirin, tana tambayar wa ya taɓa mata kasko.