Ranar da Na Kori Baba Kanada Daga Gidana

Cikin shekarun da na yi ina aikin otal a unguwar Bukit Bintang, can ƙasar waje, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Alhamis a watan Afrilun 2020. Ranar ce na tsaya a gaban shugabata na ci mutuncin baƙo, kuma ta ce na kyauta. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin labarin a bakin wasu, an ƙara masa gishiri, don haka bari ku ji shi daga bakin mai shi.

Lokacin ana cikin dokar kulle saboda korona. Ni ne mataimakin shugaban teburin karɓar baƙi, a samana kuma akwai manaja, Puan Rohana. Puan ɗin nan, ga wanda bai sani ba, kamar a ce Malama ne. Baƙinmu ba su kai goma ba, duk waɗanda jirgi ya ƙi tashi da su. Ƙa'ida ita ce a auna zafin jikin baƙo safe da yamma, a ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ma'aikaci ya sa takunkumi, ya kuma bar tazarar mita biyu.

A cikinsu akwai Mista Walter, dattijo ɗan ƙasar Kanada mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda muka raɗa wa Baba Kanada. Ya zo koyar da ɗaliban wata jami'a wasan kwaikwayo na mako biyu, kulle ya rutsa da shi. Tun yana saurayi yake wasa a kan dandamali, daga baya ya haɗa da talabijin. Bai taɓa zama tauraro ba, kuma shi da kansa yake faɗa yana dariya. Ya fito a likita, ya fito a alƙali, ya fito a uban amarya, kuma a lissafinsa an kashe shi sau goma sha ɗaya a talabijin, sau biyu tun kafin a tafi hutun talla. Idan na je auna shi, sai ya tsare ni da labari har ma'aunin ya mutu a hannuna.

Ran nan da hantsi ya kira teburina, muryarsa ba yadda na saba ji ba. Gidajen wasa a ƙasarsu duk an rufe, shi kuma ya shekara biyu ba a kira shi aikin wasa ba. Yanzu wakiliyarsa, matar da ke nemo masa aiki, ta samo masa gwaji a wani shiri mai dogon zango, zai fito a uba. Ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa masu shirin sun fara mantawa da shi, in wannan ya wuce ba ta san ranar wani ba. Dole ya ɗauki kansa a waya ya tura kafin ƙarfe bakwai na yamma agogonmu.

Ga yadda gwajin yake. Ɗan wasa yana gaban kyamara, wani kuma yana bayanta yana karanta maganganun ɗaya mutumin. Ba a ganin mai karatun, amma da shi ɗan wasan yake magana, idonsa yake kallo. Ni ya zaɓa, wai muryata tana fita. Na gaya masa iyakar wasan da na taɓa yi shi ne makiyayi a cocinmu a Kaduna lokacin Kirsimeti, kuma ko magana ba a ba ni ba. Ya ce ya isa. Na nemi izinin Puan Rohana, ta ce "Boleh," wato an yarda, amma da sharaɗin ƙofa a buɗe, ni a bakin ƙofa, ita kuma za ta riƙe wayar don ta tabbatar an bi doka.

Sai da ya turo mini takardar na karanta, sannan na gane abin da na ɗauko wa kaina. Ni ne ɗan. Uban ya dawo bayan shekara ashirin da gudu ya bar su, ni kuma zan dube shi in ce masa tsohon banza, ya fita mini daga gida.

Ku fahimce ni. A gidanmu, in babana yana magana, ƙasa kake kallo, kuma ni har na bar gida ban san launin ƙwayar idonsa ba. A kan wannan tarbiyya otal ya ɗora tasa: baƙo ba ya laifi, murmushi ko da an taka ka. Ga furfura a gabana, ga manaja a gefena.

Ɗauka ta farko, na karanta zagin kamar mai sanar da lokacin karin kumallo. Ta biyu, na ɗan ɗaga murya, amma idona yana kan kafet. Ta uku na daure na ce, "Fita mini daga gida, yallaɓai." Puan Rohana ta yi dariya har wayar ta koma kallon silin. Muka yi ta huɗu, ta biyar, ta shida, yallaɓan nan ya ƙi barin bakina, a ta bakwai ma har na ɗan rusuna. Ƙarfe huɗu ta wuce, hasken taga da muke amfani da shi ya fara ja baya, na ga dattijon ya daina dariya. Ya zauna a bakin gado da takarda a hannunsa. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don na san ni nake ɓata masa.

"Ishaya," in ji shi, "na san kana girmama ni. Amma a sana'armu, abin da ka jefo mini da shi nake wasa. In ka tausaya mini, ka bar ni hannu wofi a gaban mutanen nan."

Puan Rohana ta sa baki, rabi Turanci rabi yarensu: "Zage shi sosai lah, Ishaya. Umarni ne daga ofis."

Can sai na tuna yadda ake yi a gida in ƙarami zai faɗi magana mai nauyi a gaban manya: ba ya farawa sai ya nemi afuwa. Na ce masa akwai abin da zan fara yi, in ya yarda. Na durƙusa daga bakin ƙofar, na ce masa da Hausa, "Baba, ka yafe mini abin da zan faɗa." Na fassara masa. Ya tambaye ni me ake amsawa, na koya masa. Ya gyara tsayuwa kamar alƙalin da ya saba fitowa, ya ce, "Na yafe." Kafin mu fara ya ja mini kunne: kome na gani, kada in yi motsi sai ya ɗaga hannu.

To, tunda an riga an yafe mini, sai na saki jiki. Na dubi tsakiyar idonsa, ashe shuɗi ne, na surfa masa abin da ke takardar ta cikin takunkumi, har wani baƙo a ƙarshen baranda ya leƙo. Fuskar dattijon ta sauya a gabana. Hawaye ya gangaro masa, ya faɗi layinsa na ƙarshe a hankali. Kowace gaɓa a jikina tana cewa in zube in ba shi haƙuri. Na dafe ƙofa na tsaya, ban taɓa jin daƙiƙa goma masu tsawo irin waɗannan ba. Sannan ya ɗaga hannu, ya share fuska, ya tambaya ko shagon mamak, gidan abincin da ke ƙasan otal, yana sayar da shayi a tafi da shi. Puan Rohana ce ta ƙare da neman tishu. Muka tura saura minti arba'in.

Bayan mako uku, yana jiran motar filin jirgi, ya nuna mini saƙon wakiliyarsa: an ba shi uban. Ba a yarda da musabaha ba lokacin, sai ya dafa ƙirji, ni ma na dafa nawa. Shekara ta zagayo ya turo mini guntun wurin da aka ɗauka na gaske. Yaron da ya fito a ɗan ya yi ƙoƙari, amma in za a faɗi gaskiya bai kai ni zafi ba.

Abin da na koya shi ne wannan. An koya mana ladabi a gida, an ƙara mana a otal, kuma ban ce ku yar da ko ɗaya ba. Amma wani lokaci muna fakewa da ladabin don mu huta, baƙo kuma ya tafi ba tare da abin da ya zo nema ba. Ku duba me mutum yake buƙata, ku ba shi cikakke, in da nauyi ku nemi afuwa tukuna. A ƙarƙashin bidiyon nan Baba Kanada ya rubuto mini cewa ranar ɗauka, yaron ya zo yana ta kame-kame, wai yana jin nauyin yi wa dattijo ihu. Shi kuma ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa da Hausa, "Na yafe."