Kunnen Obadiah

Shekara goma sha tara rumfata tana manne da ta Obadiah a garejin Apo. Ni Surajo fanel bita ne, mai miƙe jikin mota, guduma ce abincina. Shi makanike ne, mutumin Kagoro, kuma da kunnensa ya yi suna. Idan ka kawo mota ka buɗe baki za ka yi bayani, sai ya ɗaga hannu: "Kar ka faɗa mini. Mota zai faɗa da bakinsa." Ya ɗora tsinin sukundireba a kan inji, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Kafin ka gama gyara tsayuwa ya gaya maka ciwon. Manyan ma'aikata daga sakatariya layi suke yi da kwat ɗinsu a cikin baƙin mai.

Abin da ba su sani ba, kunnen ya mutu. A hankali ya tafi. Siririyar ƙara ce ta fara ɓace masa, sannan sauran suka bi. Magana kam yana tsinta daga leɓe, ga shi a Apo kowa da ihu yake zance, don haka ba wanda ya lura sai ni. Ban taɓa tambayarsa abin da ya cinye kunnen ba, saboda na san amsar tana hannuna tun safe har magariba. Abin yana cina har yau.

'Yarsa Rosemary, wadda take aikin jinya a Jos, ita ta rufa masa asiri. Ta aiko masa wata 'yar na'ura da ba ta wuce kwalin ashana ba. A ƙarƙashin sitiyari ake soka ta, ta aika wa waya ciwon motar ta bulutut. Sai ya shiga kamar zai tayar da mota, ya soka, ya duba waya kamar mai karanta saƙo, ya zare. Sannan ya fito ya yi ta sukundireba da rufe ido. Shekara uku ana cewa kunnen Baba sai ƙara kaifi yake.

Wata Talata ya leƙo rumfata, fuska ba annuri.

"Malam Surajo, duba mini. Abin nan bai kama ba."

Wayar ce ta sabunta kanta tana kan caji. Hotunan fuskarta duk sun sauya, na'urar kuwa ta zama baƙuwa. Muka shiga mushen wata mota a bayan rumfa, wadda batirinta ke da sauran rai. Na kashe bulutut na kunna. Na kashe wayar gaba ɗaya na kunna. Rosemary tana turo saƙo, don kira ba ya yi masa amfani: Baba, goge sunan na'urar ka sake nemo ta. Muka goge. Sunan da yake nan a dā, yanzu ko shi babu. Ta ce a cire manhajar da ke karanta na'urar a sake saukewa, a ba ta izinin ganin na'urorin kusa. Muka ba ta izinin duk abin da ta roƙa. Da'irar jira tana ta juyi a fuskar wayar, ni kuwa ji nake kamar in ɗora wayar a kan maƙera.

Mai gyaran waya na bakin titi ya gwada da tsohuwar wayarsa, nan take ta kama. Ya ce laifin na manhajar ne, ba ta san sabon tsarin ba, sai masu ita sun gyara. Komawa tsohon tsari kuma babu hanya.

"Yaushe za su gyara?"

"Oga, wannan sai Allah."

Na ce wa Obadiah ya rufe rumfa, ya ce zazzaɓi yake, har Rosemary ta aiko masa tsohuwar waya. Ya ce shi ko ranar da ya binne matarsa sai da ya buɗe da yamma. Taurin kai dai, wallahi, kamar tsohuwar ƙusa.

Washegari Hajiya Murja ta iso. Darakta ce a wata ma'aikata, tun tana ƙaramar ma'aikaciya da 'yar kwararrabar motarta take zuwa wurinsa, kuma rabin masu kwat ɗin nan ita ta kawo su. Ranar ma da wani abokin aikinta ta zo, tana ta ba shi labari.

"Baba, ina kwana? Motar ce take..."

Ya ɗaga hannu. Ta yi dariya ta dubi baƙonta, wai ka gani ko.

Aka tayar da motar. Ina taku goma daga wurin, amma ina jin fito siriri yana tashi daga injin, fiii, irin na tiyon iska da ya tsage. Mai shayi ya ji. Baƙon ya ji. Sabon shiga ma zai gane wannan. Na ajiye guduma ina neman idonsa in nuna masa da baki, amma ya riga ya rufe ido.

Ya daɗe. Ya matsar da sukundireba nan, ya matsar can. Injin ba ya rawa, hannunsa bai gaya masa komai ba. Ya miƙe ya goge tafin hannunsa.

"Hajiya, motan nan lafiyansa ƙalau. Shiru yake kamar coci ran Litinin."

Fiton yana ta yi a tsakaninmu. Ba wanda ya yi dariya, kuma na so a ce an yi. Hajiya Murja ta dube shi, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta koma ta bayansa kaɗan ta ce, "Baba Obadiah," da murya daidai. Bai waiwayo ba. Ta sake. Yana nan yana murmushi yana goge sukundireba.

Ta zagayo gabansa ta rusuna. "Na gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya." Ta ja motarta da fitonta, ta tsaya rumfa ta huɗu, wurin wani makanike, Dominic.

Kafin azahar duk layin ya sani. Ba mugunta aka yi masa ba, gaisuwa ma ta ƙaru. Motoci ne kawai suka daina tsayawa.

Bayan sati uku masu manhaja suka gyara abinsu. Da hantsi ya kira ni bayan rumfa, yana zaune cikin mushen motar nan da ba ta da taya. 'Yar fitilar na'urar ta yi kore, wayar ta jero ciwo har bakwai.

"Ya kama, Malam Surajo," in ji shi. "Ka gani? Ya kama."

Na ce na gani. Na koma rumfata, ga ƙofar wata mota tana jirana a lotse. Na ɗauki guduma na tsaya. Ya leƙo ta saman katanga ya ga hannuna a sama.

"Buga abinka," ya ce. "Ba ya damuna yanzu."