Kawu Ba-Zama da Manhajar Kyauta

Kawuna ƙanin mahaifiyata ne, kuma ban taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune ba. Zai zauna, ya kurɓa, ya tuna wani abu, ya miƙe da kofin a hannu. Tun yana yaro aka laƙaba masa Ba-Zama, sunan ya bi shi har ya yi furfura. Mama takan ce ko a makaranta bencinsa ne kaɗai bai taɓa yin ɗumi ba.

Ya yi gyaran agogo, ya yi ɗaukar hoto, ya koyar da tuƙi, ya taɓa gyaran rediyo. Ba korarsa ake yi ba. Da zarar ya iya abu sai abin ya fita daga ransa, ya tattara jakarsa ya yi gaba.

Inda ya fi daɗewa shi ne wani tsohon bene da ke cike da ƙananan ofisoshi: lauya a sama, masu awon fili da wani akanta a tsakiya, a ƙasa kuma shagon wata mata mai buga wa mutane takardu da kowa ke kira Mai Taifin. Kawu ba shi da ofis. Kujerar roba gare shi a ƙarƙashin matakala, da baƙar jaka, da ɗan filas na adana fayilolin kwamfuta rataye a wuya.

Aikinsa shi ne lallaɓa manhajar rubutu da ta lissafi a kwamfutocin benen. Babu mai lasisi a cikinsu, duk kwafi ne da aka samo ta bayan fage. Shi kuwa irin wannan kwafin akwai taurin kai. Ana tsakiyar aiki sai jan layi ya fito a saman allo ya ce wa'adi ya cika, ka danna harafi ya ƙi fita. Sai a leƙo ta matakala a ƙwala masa kira, ya haura da sassarfa. Yakan mayar da kwanan watan kwamfutar baya, ko ya zare wayar intanet, ko ya goge komai ya sake sakawa. Dabarun ba sa daɗewa, kuma hakan ya yi masa daidai. Kafin ya sauko daga sama an kira shi a ƙasa.

Wata rana ya karɓo sabon kwafi daga wani abokinsa a kasuwar waya, wanda aka ce ba ya taɓa neman lasisi. Mai Taifin ya fara saka wa, don ita ta fi kowa shan wahalar jan layin. Ashe da cuta a ciki. Washegari duk fayilolinta suka ƙi buɗewa, ciki har da aikin wata ɗaliba na kammala karatu, wanda ta kusa gama bugawa. Kawu ya yi duk abin da ya sani, gumi na ɗiga a kan madannai, abu ya ƙi.

Mai Taifin ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo takardun ɗalibar na rubutun hannu, ta gyara zaman tabaronta, ta ce, "Bar shi haka, Ba-Zama. Zan sake daga farko."

Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya koma ƙarƙashin matakala yana jin ƙarar madannanta ta bango, ya kasa jurewa. Ya dawo ya karɓi takardun ya ce shi zai riƙa karanto mata, ita kuma ta buga. Haka suka yi har aikin ya ƙare: yana kai da komo a ɗan ƙaramin shagon, daga ƙofa zuwa injin kwafi, yana karanta bayanin cututtukan tumatir da ƙarfi, ita kuma tana cewa ya tsaya wuri ɗaya yana sa ta jiri.

Daga nan ya shiga nema. Ya yi ta tone-tone a intanet har ya ci karo da wata manhaja ta rubutu da lissafi da aka ce kyauta ce, ba ta gwaji ba, ba ta sata ba. Bai yarda ba. A saninsa duk abin da aka rubuta wa kyauta akwai ƙugiya a jikinsa. Ya buga sharuɗɗan a takarda ya haura wa Lauya. Lauya ya karanta a tsanake, Kawu na tsaye a kansa yana kaɗa makulli, sannan ya ce babu wata ƙugiya: ka ɗauka, ka yi aiki da ita, ka ba wanda ka ga dama.

Kawu ya ce, "To ranka ya daɗe, su wa suka yi ta? Me za su samu?"

Lauya ya ce, "Mutane ne a warwatse cikin duniya, kowa ya kawo abin da ya iya. Ina jin irinka ne, ba su iya zama."

Ya bi benen kaf ya saka wa kowa. Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwarsa, domin ƙorafi ya yi ta zuba. Akanta ya ce an ɓoye masa maɓallin haɗa jimla. Masu awo suka ce jadawalinsu na fitowa a karkace a firinta. Sakatariyar Lauya ta ce ita launin ne ma bai yi mata ba. Kawu ya yi ta hawa da sauka yana nuna wa kowa inda abinsa ya koma, bakinsa har kunne.

Sannu a hankali kowa ya saba. Jan layi ya daina fitowa, kira ya ɗauke.

Sai ga Kawu a kujerar roba yana kaɗa ƙafa. Yakan haura ba a kira shi ba, ya leƙa ya tambaya ko akwai matsala, a ce masa lafiya lau. Ya hure ƙura daga kwamfutocin da ba su da ƙura. A gida matarsa ta kawo ƙara wurin Mama, wai ya kwance fanka mai lafiya ya baje ta a tsakar ɗaki. Abokansa suka ce ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Ya ce shi ba kasuwar ce ta dame shi ba, shirun ne.

Cikin wannan hali ya ga sanarwa a shafin masu manhajar, suna neman masu sa hannu wajen mayar da kalmomin cikinta zuwa harsuna daban-daban. Ya duba na Hausa ya ga da saura da yawa. Ranar ya faɗo gidanmu ko sallama bai ƙarasa ba, ya tarar da Mama a kan keken ɗinki.

"Yaya, in kin yi abu kika ga ba daidai ba, kina so ki koma yadda yake da, me za ki ce?"

Mama ba ta ɗago ba ta ce, "Farkewa zan yi."

Ya ce ai rubutu ba a farke shi. Ta ce to ya warware. Ya ce janyewa fa? Ta ce janyewa sai magana. Suka yi ta yi har zaren keken ya tsinke. Washegari ya dawo da wata: shin ajiye za a ce ko adana? Mama ta ce ajiyewa ko a bakin hanya ana yi, amma ba ka adana abu sai wanda kake son sake gani. Ya rubuta a tsaye, kwamfutarsa na bisa hannunsa ɗaya.

Abin ya zama na kullum. Mama, da ba ta taɓa taɓa madannai ba, sai ga ta tana tsayawa da wanke-wanke ta ce in kira mata shi, ta tuno kalmar da ta fi ta jiya.

Bai ƙarasa fassarar ba. Wasu masu haɗa sola suka zo aiki a rufin benen, ya hau kallo, ya riƙe musu waya, ya fara tambaya. Kafin wata ya ƙare ya bi su. Mama ta yi faɗa sosai, ta ce ya jawo ta cikin abu ya gudu ya bar ta da kalmomi a baki. Ya kawo mata tsohuwar kwamfutarsa ya ajiye a kan teburin yanka, ya nuna mata inda ake shigarwa, ya ce sauran ta tambayi Mai Taifin.

Yanzu ranar da ba aiki Mai Taifin kan zo gidanmu. Ita ke bugawa, Mama na jayayya. Wani lokaci Kawu kan biyo da tsani a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ji inda suka kai, ya ce wannan kalmar ba ta zauna ba. Mama ta ce in yana da ta cewa ya shigo ya zauna. Sai ya ce ana jiransa, ya juya da tsaninsa yana neman buge mana ƙwan fitila.