Mutum Biyu a Ɗigo Ɗaya

Aikina na farko bayan na gama karatun labarin ƙasa a wata masana'antar robobi ne a Sharada, inda ake yin bokitai da butoci. Ba don taswira aka ɗauke ni ba, ofishin ma'aikata aka kai ni. Amma da kamfanin ya sayi bas biyu na ɗauko masu aikin safe, sai manaja ya tuna da takarduna. Ya ce in zana masa inda kowa yake kwana, don a san inda mota za ta riƙa tsayawa.

Sati biyu muna yawo ni da wani dattijon direba, daga Kumbotso har Dakata. Duk ƙofar gidan da muka tsaya sai in ɗiga ɗigo a wayata, in rubuta sunan ma'aikacin. In mun dawo ofis in kwafe ɗigogin ranar in liƙa su a babbar taswira da ke kwamfuta. A ido komai ya fito tsaf, har na fara jin kaina.

Direban ne ya fara tsayar da ni. Na buga jerin sunaye na ba shi, ya bi shi da yatsa a hankali, sannan ya ce, "Malama, a layin nan na Dakata mutum takwas na sani. Ke kuma kin tara min kusan ashirin. Ko sun hayayyafa ne?"

Na koma na buɗe jadawalin da ke bayan taswirar. Wani suna sau biyu, wani sau huɗu. A kan taswira ba a gani, don ɗigogin sun hau kan juna daram. Manhajar taswirar kuwa ba ta yi ƙorafi ba, tunda duk abin da aka liƙa sabuwar lamba take ba shi, a wurinta baƙo ne. Yini guda ina zargin wayar, ina zargin manhajar, har na sake girka ta. Sai washegari na lura da wasu ɗigogi can gefen allo suna nan da launin ruwan ɗorawa, launin abin da aka zaɓa. Ashe ba na sakin na jiya kafin in zaɓi na yau, kullum ina kwasowa har da tsofaffi. Laifina ne, ba na kowa ba.

Kunya ta sa na yi gaggawa. Na ba manhajar umarni: duk inda suna ya zo ɗaya, wuri ma ɗaya, ta bar guda ta goge saura. Cikin ƙiftawar ido jerin ya ragu. Da shi aka buga katunan shiga mota aka raba.

Bayan kwana huɗu wani mutum ya yi sallama a ƙofar ofishina. Ya manyanta, hannayensa duk tabon ƙuna irin na masu aiki kusa da injin narka roba. Daga harshensa na gane mutumin Nijar ne. Bai zauna ba sai da na ce, "Baba, ku zauna mana."

Ya ce, "'Yata, ba ƙara na kawo ba. Tambaya ce. An ba kowa kati, ni ba a ba ni ba. Na ce ko an sallame ni ne ban ji ba."

Na tambayi sunansa, na duba, na ce, "Ai ga ku nan, Baba, an ba ku kati."

Ya yi murmushi. "Wannan ɗan wan babana ne. Sunan kakanmu aka sa mana mu duka, da shi kuma aka rubuta mana suna na biyu. Ɗaki ɗaya muke haya a Dakata. Shi yana sashen bokiti, ni ina wajen inji."

Kwana huɗun nan tun kafin a kira assalatu yake fitowa, ya hau Keke Napep biyu, ya ƙarasa da ƙafa. Kuma duk tsawon hanyar da zullumin kora yake tafiya, bai gaya wa kowa ba. Ɗan'uwan nasa ya so su riƙa karɓa-karɓa da katin, ya ƙi, wai ba zai hau mota da haƙƙin wani ba.

Na ba shi haƙuri, na gaya masa gaskiyar abin da ya faru iya yadda zan iya bayyanawa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ai na'ura ba ta san mu ba. Ke ce kika zo ƙofarmu." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ni ma na tuna ranar: su biyu ne suka fito, har ɗaya ya kawo mana ruwa.

Allah ya taimake ni ban goge fayil ɗin asali da ke wayar ba. Na sake gina taswirar daga tushe, na ƙara wa kowane ɗigo lambar ma'aikacinsa, wadda mutum biyu ba sa haɗa ta. Da ita na riƙa tantancewa, ba da suna ba. A ranar aka buga masa katinsa, na kai masa da hannuna har bakin inji.

Wajen sake aikin na ci karo da wasu sunaye biyu iri ɗaya a wani gida a Kumbotso, ɗaya babu lamba. Wannan karon ban taɓa komai ba. Na roƙi direban ya kai ni bayan la'asar. Matar gidan ta leƙo ta ce mijinta kaɗai ne ke aiki a kamfaninmu, ba shi da wani takwara a gidan. Yatsana ne ya danna sau biyu. Muka yi mata godiya muka juyo, direban yana ta dariya har muka hau titi.