Ƙurajen Gidaɗo Mai Bugu

Shekara arba'in da 'yan kai Gidaɗo ya yi yana bugun kaya a wata rumfa kusa da Ƙofar Taramniya. A kawo masa shadda mai sitaci, ya shimfiɗa ta kan gungumen itace, ya yi ta kirɓa da guduma har ta yi sheƙi. A wurin ubansa ya gaji sana'ar, ya kuma gaji taurin kai da yin aiki cikin singileti. Da gudumar nan ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'ya huɗu. Masu wankin zamani sun kwashe masa mutane, amma akwai Alhaji Abdulshakur, mai sayar da hatsi, wanda duk Laraba yake aiko da manyan rigunansa. Gaskiyar magana, rigunan Alhaji ne ke riƙe da rumfar.

Bazarar bara, sai ga ƙuraje ƙanana jajaye a ƙirjin Gidaɗo da bayansa, masu ƙaiƙayi na fitar hankali. Ya tsaya ya dube su. Idan ƙazwa ce, wa zai ƙara yarda ya ba shi rigar da zai sa a jikinsa? Washegari ya zo aiki cikin doguwar riga mai kauri, ya ɓalla maɓalli har wuya, a cikin zafin Sakkwato da ko akuya neman inuwa take yi.

Matarsa Sadiyatu ta ce sanyi ne ya kama shi. Ta dafa ganyen dogon yaro, ta lulluɓe shi da bargo ya yi sirace, gumi ya yi ta zuba. Ƙuraje suka ƙaru. Mai shayin bakin titi ya ce kifi ne, Gidaɗo ya bar kifi. Wanzami ya ce mataccen jini ne, aka yi ƙaho. Wani ya ce ai zafi ne, ba sanyi ba. Gidaɗo ya rasa wanda zai bi, don haka ya bi kowa, da safe ya sha maganin zafi, da yamma na sanyi. Abin tausayi, tsoho mai furfura ya koma yana goga baya a jikin ginshiƙin rumfa kamar tunkiya, in ya hango mutum ya yi tsit.

Ana cikin haka, Laraba ta zo, kayan Alhaji ba su zo ba. Wata Larabar ma shiru. Gidaɗo ya ce shi ke nan, labari ya kai. Amma ta ina? Wanzami ne? Mai shayi? Ya daina gaisawa da su duka biyun.

Maƙwabciyarsu Janet, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ita ta tare shi a ƙofar gida ranar da ta gan shi yana susa da ƙotar ludayi. Da ƙyar ya buɗe mata wuyan riga.

"Baba Gidaɗo, wannan ai ba ƙazwa ba ce," in ji ta. "Na sha gani a jikin dattawa maza. Zafi da gumi ke tayar da shi, ba ya yaɗuwa, kuma da kansa yakan tafi. Ka je asibiti likitan fata ya tabbatar. Amma wannan riga da siracen nan, su ke ƙara maka."

"Sista, wai maganin shi na ciwon?" ya tambaya. "To mi za ni yi? In hidda riga a gani, in bar ta ya ƙaru?"

Ta ce wannan kam shi zai zaɓa.

Ya zaɓi ya je ya faɗa wa Alhaji da bakinsa, in rabuwa ce a rabu da mutunci. Ya same shi a zauren gidansa da hantsi, fanka na kaɗawa, yana ƙudundune cikin babbar riga da ta yamutse.

"Alhaji, na san abin da ya hana kayanka zuwa," in ji Gidaɗo. "Ban hwaɗa maka ba don kunya. Ga shi." Ya buɗe ƙirji.

Alhaji ya zura ido. Sannan ya leƙa waje, ya ɗaga tasa rigar. Ƙuraje iri ɗaya, har da sawun farce.

"Kai ma?" in ji Alhaji. "Ni hwa tsoro na ji in aiko da kayana in shahwa maka. Ashe na riga na shahwa maka!"

"A'a, ni na shahwa maka."

"Yaushe naka ya hwara?"

Suka yi ta ƙirga makonni, lissafi ya ƙi fita. Gidaɗo ya kawo maganar Janet cewa ba ya yaɗuwa, Alhaji ya ce to in haka ne ya aka yi su biyu? Gidaɗo ya ce wallahi shi ma bai gane ba. Ya ji dariya na taso masa, hawaye suka riga ta fitowa, don mako biyu ya yi yana zaton an guje shi.

Alhaji ya shiga ciki ya fito da ƙullin riguna da kansa, ya ɗora masa a ka.

"Tahi ka buge su," in ji shi. "Na gaji da zuwa Juma'a kamar wanda ba shi da kowa."