Wasiƙar Dillali a Teburin Mai Tsire

Ko da ladan ya kira assalatu ranar Laraba, muna tashar Gumel, ni da ƙanena. Sana'ata buga wa mutane wasiƙa da tafireta, kuma kowace wasiƙa nakan adana kwafinta a kwali. Shi kuwa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, da ya ga ina kwance da zazzaɓi sai ya share mini shago, ya sayar da kwalin ga mai sarin takardar ƙunshi. Wai gwaninta. Mai sarin ya kasa uku, ya kai Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari.

A cikin kwalin akwai wasiƙar wani dattijo, dillalin shanu a Maigatari, zuwa asibitin kutare, kan wani tabo a bayansa. Yana shan magani, likita ya ce ba zai shafi kowa ba. Amma dillali da hannu yake ciniki. Ranar da zancen ya fita, ba mai sake miƙa masa hannu.

Muka ɗauki damin tsofaffin jaridu don musaya, muka hau a-kori-kura zuwa Gagarawa, kwabo talatin, kan buhunan gero. Har lokacin kwandasta da tsohon kuɗi, sule, yake lissafi, naira ba ta zauna masa a baki ba. Wata mai ƙosai ce ta sayi kashin farko, ko kwance shi ba ta yi ba.

"Malam, yau kuma takardar ƙosai ake bi da mota?" in ji ta.

Na ce, "Iya, asirin mutane ne a ciki."

Ta miƙo, ta ƙara mana da ƙosai mai zafi. Na duba ɗaya bayan ɗaya, ta dillali ba ta ciki.

Hanyar Sule Tankarkar rairayi ne zalla. Sau biyu motar ta kafe, na bar wa ƙanena turi, ai shi ya jawo. Wani mai tireda ya ba mu kashi na biyu, ya riga ya ƙunshe gishiri da 'yan kaɗan, muka kwance muka sake masa da jarida. Nan ma babu. Muka sha fura da nono, muka kwana a zauren wani manomi.

Alhamis da hantsi muka shiga kasuwar Maigatari. Raƙuma, Buzaye, 'yan canjin kuɗin sefa, da shanun da fari ya bari ƙashi da fata. Muka bi masu tsire rumfa rumfa. A ta biyar na gane bugun tafiretata, takardun danne da dutse, wani ɗan kwastan na tsaye yana jiran a ƙunsa masa. Mai tsire ba ya karatu, amma ɗan kwastan yana yi. Na dafe takardun da tafin hannu, ƙanena ya cusa wa mai tsire jarida. Ta dillali ce ta uku daga sama.

Ƙanena ya ce mu ƙone ta mu yi shiru. Na ƙi. Na nemi dattijon a kara, wajen cinikin shanu, na ja shi gefe, na gaya masa komai.

"Wa ya karanta?"

"Ba kowa, Baba."

Na miƙa masa takardar, ya kai ta da kansa ya jefa a wutar mai tsiren.

Da la'asar muka sauka Gumel. Na ƙone sauran, na samo akwati na yi masa kwaɗo, na daina ajiye kwafi sai mai wasiƙa ya yarda. Tafiyar ta koya mini cewa abin da aka faɗa mini ajiya ce, ba nawa ba ne. Kuma ba na ɓoyewa, ina alfahari. Da za mu baro kasuwa na waiga, na hangi dattijon tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowa ya riƙe masa hannu ɗaya.