Ɗakin da Isiyaku ya ɗora mana a saman bene

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Utaiqa ta Riyadh ya san Isiyaku magini, mutumin Gumel, gajere mai faɗin kafaɗa. Ba ya iya wuce bango sai ya shafa shi ya faɗi laifinsa. Ko a masallaci idonsa na kan tayil. Ya fi shekara goma yana gina wa Larabawa gidaje, nasa kuwa na Gumel yana tsaye iya linta, kullum sai ya ce baɗi za a rufa.

A 2014 na samu izinin kawo matata Bilƙisu. Murna ta koma ciki, domin mu huɗu ne gwagware a ɗaki guda, hayar gida kuma ta fi ƙarfina. Isiyaku ya ja ni saman benen da muke haya, ya dudduba, ya ce, "Mustapha, ga fili Allah ya ba ka, kana yawon neman gida?"

Mai gidan, wani dattijo Abu Shakir, yana zaune a gonarsa ta Dir'iyya. Muka kira shi, ya ce ba matsala, a zatonsa mun san hanya. Mu ko hanyar gida muka bi. Muka sayi goro da turare muka kai wa limamin unguwa, tunda babu mai unguwa a kusa, ya yi mana addu'a, muka taso da cewa an ba mu izini. Kada a ga wautar Isiyaku da yawa. Shi duk aikin da ya taɓa yi, sai an gama takardu ake kiransa da cokalin gini, bai taɓa sanin inda ake yin su ba.

Gayya muka yi. Kowace Juma'a direbobi da leburori su hau da bulo, a sauko a ci kabsa, dafa-dukar Larabawa. Ɗaki ya tashi har da ɗan kicin. Ana cikin fenti ma'aikacin baladiyya, wato hukumar gari, ya manna mana takarda: a tsaya, a nemo izinin gini, a biya kuɗin hukuma da tara, in ba haka ba a rushe. Kuma mai gida kaɗai ke iya nema. Abu Shakir ya yi ta faɗa a waya, ya ce mu rushe abinmu, shi ba ya son rigima. Bilƙisu kuwa ta riga ta yi sallama da dangi, tikiti na hannunta. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Isiyaku ya ce in tashi mu je Dir'iyya. Muka tarar da dattijon a inuwar dabino, ko shayi bai ce a kawo mana ba. Ina ta roƙo, gogan naku ya miƙe ya bar ni, ya tafi shafa katangar gonar mutane. Haushi ya kama ni, na ce a raina yau ma halin ne?

Ya dawo yana karkaɗe hannu. Da Larabcinsa na bakin aiki ya kira shi baffa, ya ce, "Ya ammi, katangar nan ta tsage tun daga tushe, wata rana kan jikokinka za ta faɗo. Ina da hutun wata guda. Ka nemo wa yaron nan izini, ka biya baladiyya, ni in tayar maka da ita, ba na son riyal ko ɗaya."

Dattijon ya je ya leƙa tsagin da kansa, ya daɗe a can. Da ya dawo sai ya ce a kawo shayi.

A mota na ce, "Yaya, hutun nan fa na rufin gidanka ne."

Ya ce, "Nawa gidan ya saba shan ruwa. Matarka ba ta saba kwana a titi ba."

Haka ya kwashe watan yana dambe da katanga cikin zafin Riyadh, damina ta sake wanke masa bulo a Gumel. Izini ya fito. Na ɗauko Bilƙisu daga filin jirgi, ta shiga ɗakin tana yaba santsin bango.

Bayan shekara uku Isiyaku ya koma gida gaba ɗaya. Ya gaya mini kafin ya ɗora kwano ko ɗaya sai da ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya biya kuɗin gini, har ma'aikatan suna mamakin mutumin da ya kawo kansa. Goron mai unguwa ya biyo baya.

Har yau idan ya kira, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Ɗakin yana yoyo?" A garin da sai a yi watanni ba a ga hadari ba. In ce masa lafiya lau. Sai in miƙa wayar ga ɗan da aka haifa mana muna ɗakin, wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa, in ce, "Isiyaku, zo ka gai da takwaranka."